Kwana 59 tsakanin hukunci da igiya: shari'ar Sani Yakubu Rodi

Ranar Alhamis 3 ga Janairun 2002 aka rataye Sani Yakubu Rodi a gidan yarin Kaduna. Ni labarin a teburin mai shayi ya same ni, ana tsakiyar hunturu kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi, rediyon mai shayin na rataye a jikin ƙusa an ɗaure batirinta da kyauron roba, sai muka ji ana cewa an zartar da hukuncin kisa na farko tun da jihohinmu suka dawo da shari'ar Musulunci a ɓangaren laifuka. Wani dattijo da ke gefena ya ajiye kofinsa yace alhamdulillahi, yau dai jini bai tafi a banza ba. Kowa yace gaskiya ne Baba. Sai wani tela da ba ya cika magana ya ɗago yace toh Baba wa ya tsaya masa a kotun? Aka yi masa caa, wani har yana cewa kai ma ɗan kare haƙƙin bil'adama ne kenan, tela ya ja bakinsa ya yi shiru ya cigaba da tsoma burodinsa a shayi. Ni ma ina cikin waɗanda suka yi masa caa ɗin, kuma sama da shekara ashirin kenan tambayar nan tasa ta ƙi barina.

Bara in fara da abin da ya faru. A tsakiyar 2001 aka shiga wani gida a Katsina aka kashe matar gidan da 'ya'yanta biyu da wuƙa, ɗaya ma jinjiri ne na goye. Rahotanni suka ce a nan inda abin ya faru aka kama Rodi aka miƙa shi ga 'yan sanda, suka kuma ce maigidan babban jami'in tsaro ne kuma sata ce ta kai shi gidan. Aka gurfanar da shi gaban kotun shari'a a Katsina. A zaman 5 ga Yuli yace bai aikata ba, da aka dawo ranar 4 ga Satumba sai ya canza magana ya amsa laifi, ranar 5 ga Nuwamba alƙali ya yanke masa hukuncin kisa. Tun daga farko har ƙarshe ba shi da lauya, an ce shi da bakinsa ya faɗa wa kotu zai kare kansa. Bai ɗaukaka ƙara ba. Gwamnan Katsina na lokacin, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya amince da hukuncin, aka ɗauke shi zuwa Kaduna. In ka ƙirga daga 5 ga Nuwamba zuwa 3 ga Janairu kwana 59 ne cif.

Akwai wani abu guda da mutane suka manta, da farko an ruwaito cewa kotu ta ce a kashe shi da irin wuƙar da ya yi kisan, daga baya hukuma ta mayar da shi rataya. Wanda bai yi karatun zaure ba zai ce wannan ai rashin imani ne kawai na alƙali, amma ba haka bane, ƙa'ida ce a mazhabar Malikiyya cewa ana yi wa mai kisa kisasi da irin abin da ya yi kisan da shi matuƙar abin ba haramun bane a karan kansa, hujjarsu hadisin Anas na mutumin da ya fasa kan wata yarinya tsakanin duwatsu biyu don ya ƙwace kayan adonta, shi ma aka yi masa haka. Hanafawa su kuma sun ce da takobi kawai. Wato alƙalin kisasi ya yanke, rai a bakin rai, wuƙa a bakin wuƙa. Igiyar kuwa gadon Turawa ce. Kaga tun a nan an fara haɗa tsari biyu a wuyan mutum ɗaya.

Shi kisasin nan da muke ta faɗa, asalinsa ba ƙari ya zo yi a kan kisa ba, ragewa ya zo yi. Larabawan jahiliyya in aka kashe musu mutum ɗaya ba sa yarda da ɗaya, in nasu mai daraja ne sai su ce sai sun kashe goma, ko su bar wanda ya yi kisan su nemi babban gidansu. Yaƙin Basus da ake ba da labari, a kan raƙuma ɗaya ya fara, aka kashe Kulaib, Bakr da Taglib suka kwashe wajen shekara 40 suna yanka juna. Tun kafin su ma, dokokin Hammurabi a Babila da Attaura duk suna da zancen ido a bakin ido, kuma a wancan zamanin wannan magana birki ce, ma'ana ido ɗaya kawai za ka cire, ba kan mutum da na ƙannensa ba. Da Alƙur'ani ya zo a Baƙara aya ta 178 ya wajabta kisasi, a cikin ayar kuma ya buɗe ƙofar afuwa, har ya kira mai jinin da ɗan'uwan wanda ya yi kisan, aya ta 179 ta ce a cikin kisasi akwai rayuwa, a Isra'i aya ta 33 aka ce an ba waliyyin wanda aka kashe iko amma kada ya wuce gona da iri. Kullum in ana wa'azi 179 ake ɗauka da ƙarfi, rabin 178 na biyu sai a bi ta kansa da gudu.

Abin da ya bambanta wannan tsari da na kotun da muka gada daga Ingila shi ne waye mai jinin. A fiƙihu jinin na magada ne. Su za su ce a kashe, ko su yafe a kan diyya, ko su yafe don Allah ba ko sisi, kuma in ɗaya daga cikin masu haƙƙin ya yafe toh kisa ya faɗi, sauran sai dai su karɓi rabonsu na diyya. Diyyar raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Amma Malikiyya ba su sakar wa magada komai ba, duk wanda ya karanta Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ya san wuraren nan biyu: wanda aka yafe wa kisan ganganci ana yi masa bulala 100 a tsare shi shekara guda, saboda al'umma ma tana da haƙƙi, sannan kisan gila babu afuwa a cikinsa. Kalmar nan da muke cewa kisan gilla a labarai kullum daga nan ta fito, shi ne a yaudari mutum ko a lallaɓa a kashe shi don dukiyarsa, wannan hukuncinsa na fashi ne, ko magada sun yafe hukuma ba ta yafewa.

Toh a nan ne shari'ar Rodi take da wani ƙulli da ni dai a teburin shayi ba wanda na ji ya taɓo. In sata ce ta kai shi gidan ya yi kisan, abin ya fi kama da gilla ko fashi, wanda haddi ne, wato hukuncin da shari'a ta ƙayyade, shi kuma haddi malamai sun ce ana tunkuɗe shi da shubuha, wato in akwai kokwanto ba a zartarwa, har wanda ya yi iƙirari in ya janye ana karɓar janyewarsa. In kuma kisasi ne kamar yadda zancen wuƙar ya nuna, toh haƙƙin bawa ne, janye iƙirari ba ya amfani, amma ƙofar afuwa da diyya a buɗe take har zuwa lokacin da za a sa masa igiya. Kowanne aka ɗauka akwai wata ƙofa da mai ilimi zai iya ƙwanƙwasa masa. Wa zai ƙwanƙwasa? Mutumin da yace bai yi ba a Yuli, ya dawo yace ya yi a Satumba, wata biyun nan yana tsare, tambayar farko da ko ɗalibin lauya zai yi ita ce me ya faru a tsakani. Wataƙila nadama ce ta kama shi, ana yi, mutum ya kwana da abin a ransa ya ga gara ya wanke kansa tun a duniya. Amma duk wanda ya taɓa zuwa belin ɗan'uwansa a caji ofis ya san akwai wasu hanyoyin da ake bi mutum ya amsa abin da ya yi da wanda ma bai yi ba. Aikin kotun sama kenan ta zauna ta duba wanne ne, ita kuma ba a kai mata ba.

Ka dubi abin da ya faru a daidai wannan lokacin. Safiya Husaini an yanke mata jifa a kan zina a Gwadabawa a Oktoban 2001, lauyoyi suka shiga, kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Sakkwato ta sake ta a Maris 2002. Amina Lawal a jihar Katsinan nan dai aka yanke mata irin wannan hukuncin a Maris 2002, kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ta Katsina ta rushe hukuncin ranar 25 ga Satumban 2003. Kuma ba da dokar Turawa aka kuɓutar da su ba, da littattafan Malikiyya ne, aka nuna kotun ƙasa ta yi kuskure wajen karɓar iƙirari da sauran ƙa'idoji. Ba ina haɗa laifinsu da na Rodi bane, Allah ya kiyaye, kisan uwa da 'ya'yanta ba abin haɗawa da komai bane. Abin da nake nunawa shi ne kotunan ƙasa na wancan lokacin sabbin shiga ne a shari'ar rai, Zamfara ce ta fara a ƙarƙashin Ahmad Sani Yariman Bakura, aka ƙaddamar a Gusau a Oktoban 1999 dokar ta fara aiki Janairun 2000, alƙalan da jiya suke raba gado da sauraron ƙarar aure yau an miƙa musu wuyan mutane. Manyan shari'o'in nan biyu da aka kai sama duk an samu kuskure. Ta ukun da ba a kai ba ita ce aka zartar.

Kuma wannan rikici na waye mai jini ba a 2000 ya fara ba. Kafin Turawa shari'ar kisa a gaban sarki ake ƙarasa ta, da alƙali da malamai a gefe, in an tabbatar sai a miƙa wa hauni ya sare kai a bainar jama'a. Da Lugga ya ci ƙasar ya bar kotunan alƙalai da na sarakuna suna aiki, ya hana yanke hannu da makamantansa, hukuncin kisa kuma sai gwamna ya tabbatar. Aka yi ta tafiya a haka ana ɗan gogayya har 1947 da shari'ar Tsofo Gubba ta taso daga Gwandu. Kotun sarki ta yanke masa kisa, kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe, dalilinta shi ne an tunzura shi ne ya yi kisan cikin fushi, a dokar Ingila wannan ba a kashe mutum a kansa, a Malikiyya kuwa in ka ɗau makami da ganganci ka kashe toh fushinka ba ya cetonka sai dai magada su cece ka. Sarakuna suka ji haushi sosai, aka yi ta gyaran doka ana warwarewa. Gab da 'yancin kai gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana a 1958 ƙarƙashin alƙalin alƙalan Sudan Abu Rannat, daga nan aka samu Penal Code, kundin dokar laifuka ta Arewa, da ta fara aiki a 1960, wadda aka kwaikwayo daga ta Sudan, ita kuma ta Sudan daga ta Indiya ta 1860. Sashe na 221 yace wanda ya yi kisan ganganci hukuncinsa kisa, shikenan, alƙali ba shi da zaɓi, magada ba su da baki. Jinin ya tashi daga hannun uwa da uba ya koma na gwamnati, afuwar kuma ta koma aljihun gwamna a ƙarƙashin sashe na 212 na tsarin mulki, ko shugaban ƙasa a sashe na 175.

Na ga yadda wannan yake a aikace a unguwarmu. Samari biyu abokan juna, faɗa ya haɗa su a kan kuɗin babur da bai kai ya kawo ba, ɗaya ya zaro almakashi ya soka wa ɗayan a wuya, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Bayan sadakar bakwai dattawa suka taru a zauren gidan mamacin, ina rakuɓe a bakin ƙofa ina zuba ruwa a buta, uban yaron da ya yi kisan ya cire hularsa ya ajiye a ƙasa ya kasa cewa komai sai hawaye. Aka aika cikin gida, mahaifiyar mamacin ta fito ta tsaya a bayan labule, liman yace Hajiya ga abin da ya kawo mu, tace Malam na ji, yaron nan a hannuna ya ci tuwo ya fi a ƙirga, in an kashe shi nawa zai dawo ne? Na yafe duniya da lahira, kuma ko kwabo ba na so. Mahaifin mamacin yace abin da ta faɗa shi ne nawa. Aka shafa fatiha kowa yana share ido. Da aka je aka faɗa wa mai gabatar da ƙara sai yace Alhaji ku yi haƙuri, wannan ba shari'arku bace, ta gwamnati ce, a babbar kotu take. Aka yi shekaru ana ɗage zama, daga ƙarshe aka yanke masa rataya. Yana can har yau, ba a rataye shi ba, ba a sake shi ba, mahaifiyar wanda ya kashe ta rasu tana tambaya wai yaushe za a sako yaron nan.

Masu goyon bayan kisa a matsayin sakayya suna da hujja mai ƙarfi kuma ni ban raina ta ba. Ba zancen tsoratarwa nake ba, wannan daban ne kuma gardamarsa ba ta ƙarewa. Zancen cancanta ne, cewa wanda ya ɗauki ran wani da gangan ya ci bashin da ba abin da zai biya sai ransa. Bajamushen nan Kant har cewa ya yi ko da mutanen wani tsibiri za su watse kowa ya kama gabansa, sai sun fara kashe mai kisan kai na ƙarshe da ke kurkukunsu kafin su tafi, don kada alhakin jinin ya bi su. A ganinsa in ka hukunta mutum daidai laifinsa ka ɗauke shi mai hankali ne da ya san abin da ya yi. Beccaria ɗan Italiya tun 1764 ya ce a'a, hukumar da ke hana kisa ba ta da ta cewa in ita ma tana yanka mutum a bainar jama'a. Ni in aka tsaya a nan kawai, gaskiya na fi karkata ga na farko, in na tuna jinjirin nan na Katsina ba na iya cewa ɗaurin shekaru ya biya. Kuma mutanenmu in suka ga hukuma ba ta ɗaukar musu fansa su suke ɗauka da kansu, taya da fetur, ko a je a ƙone rugar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, yaƙin Basus ɗin dai ya dawo da bindiga.

Amma ita hujjar cancantar tana da sharaɗi a cikinta wanda masu ɗaga ta ba sa son a ambata. In dalilin kashe shi shi ne ya cancanta, toh dole a tabbata shi ɗin ne, kuma dole duk wanda ya yi irin nasa ya samu irin nasa. In ɗaya ya ɓace a cikin biyun nan sunan abin ya canza. Ingilan da ta kawo mana igiya abin da ya sa ta ajiye ta kenan, a 1950 suka rataye Timothy Evans a kan kisan 'yarsa, shi ma ya yi iƙirari ya janye, bayan shekara uku aka gano gawarwakin mata a gidan, ashe maƙwabcinsa John Christie da ya ba da shaida a kansa shi ne makashin, aka yi wa Evans afuwa a 1966 yana cikin ƙasa, a 1965 suka dakatar da rataya a kan kisan kai suka tabbatar a 1969. Mu ma muna da namu. A jihar Oyo an kashe Nasiru Bello alhali ƙarar da ya ɗaukaka tana gaban kotu ba a saurara ba, sai a 1986 kotun ƙoli ta ce gwamnati ta yi ba daidai ba ta biya iyalinsa. Ken Saro-Wiwa da mutum takwas da Abacha ya rataye a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamban 1995, da sunan sakayyar kisan wasu manyan Ogoni huɗu aka yi, a kotun musamman da ba a ɗaukaka ƙararta. Kowa da sunan jini a bakin jini yake zuwa.

Sharaɗi na biyun kuma, na daidaito, shi ne ma ya fi ba ni haushi. Kotun ƙoli tun 1998 a shari'ar Onuoha Kalu ta ce hukuncin kisa bai saɓa wa tsarin mulki ba, alƙalai kuma suna ta yankewa don doka ba ta ba su zaɓi ba, yanzu mutum sama da 3,000 ne ke jiran hauni a gidajen yarin ƙasar nan. Gwamnoni ba sa sa hannu. Wani tsoron Allah, wani tsoron Turawa masu ba da tallafi, wani tsoron zaɓe, wani kuma fayil ɗin ma bai taɓa buɗewa ba. Kwamitin da Obasanjo ya kafa ya ba da shawara a 2004 a dakatar da zartarwa har sai an gyara harkar 'yan sanda da kotuna, ba a dakatar a hukumance ba kuma ba a gyara ba. Sai dai lokaci-lokaci abin ya motsa, a Yunin 2013 Jonathan ya ce gwamnoni su riƙa sa hannu, kwana kaɗan aka rataye mutum huɗu a Benin zamanin Oshiomhole, na biyar har an ja shi wajen igiyar sai aka lura hukuncinsa na harbi ne ba rataya ba aka mayar da shi ɗaki, daga baya ma sakinsa aka yi. A Disamban 2016 aka sake rataye uku a Benin ɗin. Ka ce min wannan kisasi ne ko caca?

Ku tuna yarinyar nan 'yar shekara 5 a Kano da mai makarantarsu ya sace ya kashe, ƙasa gaba ɗaya ta girgiza, Ganduje ya fito yace da an yanke hukunci zai sa hannu ba ɓata lokaci, kotu ta yanke rataya a Yulin 2022, ya sauka a Mayun 2023 ba a zartar ba, don doka ta ba mai laifin damar ɗaukaka ƙara kuma dole a jira. Iyayenta kisasi suke so ba su samu ba. Ku tuna matar nan ta Abuja da aka yanke wa kisa a 2020 a kan kashe mijinta, a Oktoban 2025 sunanta ya fito cikin waɗanda shugaban ƙasa ya yi wa sassauci, wasu daga dangin mamacin suka fito suka ce ba da yawunsu ba, aka yi ta cece-kuce har sai da fadar ta sake duba jerin. Ga kuma Hajiyar unguwarmu da ta yafe aka ce yafewarta ba ta da gurbi a fayil. Wanda ya ce a kashe ba a kashe ba, wanda bai yafe ba an yafe a madadinsa, wadda ta yafe an ƙi karɓa. A cikin wannan duka mutum ɗaya ne aka sani a fili ya bi ta kotun shari'a ya kai ga igiya, shi ne wanda ba shi da lauya, bai ɗaukaka ƙara ba, kuma gidan da aka yi wa ɓarnar gida ne da ake jin maganarsa. Ba na cewa don haka aka yi sauri, amma in matar wani mai faskare ce a ƙauyen Batsari, kuna ganin kwana 59 zai isa fayil ɗin ma ya bar teburin magatakarda?

Wani zai ce ai shi ya ƙi lauya, shi ya ƙi afil, ka fi shi son ransa ne? Wannan magana ce kuma ina jin ta. Sai dai a ganina in hukuma za ta ɗau rai, tabbatarwar ba don mai laifin kaɗai ake yi ba, don wuyan alƙali ne da na gwamna da namu da ake yi da sunanmu. Shi ya sa a fiƙihunmu alƙali ba ya yanke hukunci sai ya yi i'izari, ya tambayi wanda ake ƙara ko yana da sauran hujja, in bai yi ba hukuncin ma rushewa yake. Shi ya sa aka ruwaito cewa kuskuren shugaba wajen afuwa ya fi kuskurensa wajen uƙuba. Ba abin da zai ragu a shari'a in aka ce duk hukuncin kisa dole ya hau kotun sama ko mai laifin ya so ko bai so ba, a ba shi lauya ko da zai zauna ne kawai a gefensa, a kira magada a gaban alƙali a tambaye su ɗaya bayan ɗaya a rubuta, in sun yafe a koma bulala da ɗauri da diyya, in sun ce kisasi kuma an bi duk matakan toh gwamna ya daina ɓoye biro. Wata shida ko shekara da za a ƙara ba za ta tayar da matar nan da 'ya'yanta ba, haka kuma ba za ta hana a rataye shi ba in shi ne.

Telan nan ya tsufa yanzu, idonsa ba ya ganin ramin allura, yaransa ke ɗinkin shi yana zaune a benci a ƙofar shago. Kwanaki na tsaya muka gaisa na tuna masa maganar, nace Kawu ka tuna ranar da aka rataye mutumin Katsina ka yi tambaya muka taso maka? Ya yi dariya yace ya tuna sarai. Nace toh kai a ganinka bai yi bane? Yace ni fa ban ce bai yi ba ɗana, inaga ma ya yi, cewa na yi wa ya tsaya masa. Sai ya juya ya ce wa yaron shagon ya miƙo min kujera.